Hasken tankin maigida ya hana surukata barci, ni kuma na shiga tsakiya

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce, shekararmu shida a Jidda. Maigidana a Yanbu yake aiki, daren Alhamis yake dawowa, ya koma ranar Asabar da yamma. Yana da tankin gilashi na ruwan gishiri a falo, mai cin lita 300, da kifaye da murjani mai rai a ciki. Shekara uku yana renonsa, kuma ni shaida ce a kan kuɗi da lokacin da ya zuba. A cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin tankin akwai wani ƙarami da yake kira mafaka. A ciki akwai koriyar ciyawa kamar soson waya, da fitila mai haske ja-ja shuɗi-shuɗi, tana kamawa da kanta ƙarfe 9 na dare, ta mutu 9 na safe.

Wata guda ke nan da mahaifiyarsa ta zo Umra daga gida, za ta yi wata uku. Ɗakin kwana ɗaya gare mu. Mun yi mun yi ta karɓe shi ta ƙi, don haka a falo take kwana. A kwana na uku ta ce min hasken da ke fitowa ta bayan kabad yana dukan bango, ya hana ta runtsawa, ga ta da hawan jini. Amma ta ja min kunne kada in faɗa masa, wai kada ya ga ta zo ta takura masa. Sai na koma cire filogin fitilar da zarar ya tafi. Wata rana in tuna in jona ta a bango da rana, wata rana in manta. Ranar Alhamis in mayar da komai yadda ya bari. Rannan ma na injin ruwa na cire bisa kuskure, sai da na ji falon ya yi tsit na farga.

Yanzu ciyawar ta koɗe tana marmashewa, gilashi yana ta yin gansakuka, wani murjani da yake ji da shi ya koma ruwan ƙasa. Shi a zatonsa fitilar ce ta lalace, har yana cigiyar sabuwa ta ɗaruruwan riyal. In na faɗi gaskiya na saɓa wa Hajiya, kuma ban san yadda zai ɗauka ba. In na yi shiru zai yi asarar kuɗi, tankin kuma ya ci gaba da lalacewa. Don Allah a ba ni shawara.

Wata 'yar'uwa, Jidda

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari in fara da abin da zai sa ke ma ki samu barci, don daga wasiƙarki na lura ba Hajiya kaɗai ce ba ta runtsawa a gidan nan ba. Murjanin da ya koma ruwan ƙasa bai mutu ba. Wanda ya kama hanyar mutuwa fari fat yake komawa, ko namansa ya riƙa saɓulewa ƙashi ya bayyana. A jikin murjani akwai wasu ƙwayoyin tsiro da ido ba ya gani, launinsu ruwan ƙasa, su ne suke amfani da haske su sarrafa masa abinci. In taki ya yi yawa a ruwa sai su hayayyafa, su rufe masa ainihin launinsa. In ruwan ya gyaru launin yakan dawo, sai dai ba a kwana biyu ba. A ba shi makonni, wani ma watanni. Ita kuwa ciyawar, a duk kayan tankin babu mai arha kamarta. Mu da muke wannan reno kyauta muke ba wa juna, domin in ta samu yadda take so har zubar da ita ake yi.

Na kuma gane halin da kike ciki. Gaba kura, baya sayaki: ga uwar miji ta ba ki sirri, ga miji ya bar miki amana, ke ce kuma kaɗai a gida kwana biyar cikin bakwai. Da kika ji dattijuwa mai hawan jini ba ta barci kika tashi kika yi wani abu a kai, wannan abin a yaba miki ne. Kuskurenki shi ne kin ɗauka dole a zaɓi ɗaya, ko barcin Hajiya ko tankin maigida. Da kin san aikin fitilar nan da kin ga ba a kai ga wannan zaɓin ba. Don haka ki yi haƙuri in ɗan tsawaita a nan, saboda da wannan bayanin za ki tunkare shi.

Tankin ruwan gishiri rufaffen gida ne. Duk abincin da aka zuba, da kashin kifi, a ciki suke ruɓewa, su zama taki iri biyu da ake kira naitiret da fosfet. A teku ruwa ne yake kwashe su ya yi gaba, a falo kuwa babu inda za su je. Shi ya sa ake keɓe ɗan tanki a ƙasa, a shuka ciyawar teku, ta riƙa shanye takin tana girma, duk bayan mako ɗaya ko biyu a yage wani kaso a fitar. Takin ya fita ke nan. An kira wurin mafaka ne saboda kifi ba ya isa can, don haka wasu mitsi-mitsin ƙwarin ruwa suna samun wurin hayayyafa, ruwa yana kwaso wasu zuwa sama su zama abincin kifi da murjani. Irin ciyawar da kika kwatanta, mai kama da soson waya, sunanta Chaetomorpha, kuma kamar kowane tsiro ba ta aiki sai da haske.

To me ya sa da dare? Maigidanki bai yi haka don neman magana ba, dabara ce sananniya. Da rana, in babbar fitilar sama tana ci, ƙwayoyin tsiron da ke jikin murjani suna zuƙe iskar kabon da ke cikin ruwa, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. In fitilar ta mutu zuƙar ta tsaya, amma kifi da murjani da ƙwayoyin halitta ba su daina numfashi ba. Sai iskar ta taru, ruwan ya ɗan karkata zuwa tsami, ma'aunin da ake kira pH ya sauka, ya fi yin ƙasa gab da fitila za ta sake kamawa. Murjani mai ƙashi ya fi gina jikinsa in ma'aunin yana tsakanin 7.8 da 8.3, kuma ba ya son hawa da sauka mai yawa. In aka kunna wa mafaka fitila a daidai lokacin da ta sama ta mutu, sai ciyawar ta karɓi aikin zuƙar, kamar masu gadi biyu, wannan na sauka wannan na hawa.

Ki lura, aiki biyu ke nan, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Shanye taki shi ne babban aikin, kuma babu ruwansa da agogo: ko da rana aka ba ta hasken ko da dare, muddin awowin sun cika, ciyawa za ta yi girmanta. Daidaita pH ne yake son dare, shi kuwa ƙarin alheri ne, ba farilla ba. Akwai tankuna masu kyan gaske da ba su da mafaka sam, akwai waɗanda fitilunsu biyu tare suke kamawa tare suke mutuwa. Ciyawar da ke cikin kabad ba ta ganin rana, ba ta jin kiran salla, ba ta san ƙarfe nawa ba. Abin da ta sani shi ne ko hasken yana zuwa kullum a lokaci ɗaya, kuma ko ya ishe ta. Nan ne aka samu matsala a gidanku. Da tun farko kin mayar da ita awa goma a tsaye kullum da rana, da wuya a ga wani canji. Amma yau awa huɗu, gobe babu, daren Alhamis da na Juma'a awa goma sha biyu, sai ta daina girma. Da ta fara ruɓewa kuma sai ta riƙa amayar da takin da ta sha. Gansakukar da kike gani a gilashi wannan takin take ci, shi ne kuma ya duhunta murjanin.

Kada wani ya ce muku maganin shi ne a bar fitilar tana ci dare da rana don a rama. Wannan al'ada ta masu wata ciyawar ce daban, Caulerpa, mai ganye kamar gashin tsuntsu ko 'ya'yan inabi, wadda takan yi fari rana ɗaya ta saki abin da ke cikinta ta gurɓata ruwa. Wasu suna barin haske a kanta ba kashewa don gudun haka. Taku ba ta da wannan halin, kuma barin mata wasu awowi na duhu ba ya cutar da ita.

Yanzu mu zo kan mutane, don su suka fi ciyawa wuyar sha'ani. Hajiya tana da gaskiya ɗari bisa ɗari. Fitilun nan na shuka akwai shuɗin haske mai ƙarfi a cikinsu, kuma haske da dare, musamman shuɗi, yana hana jiki shirin barci. Ga tsufa, ga baƙon wuri, ga gajiyar zirga-zirgar Harami, ga hawan jini da rashin barci ba ya yi masa daɗi. Ƙin karɓar ɗakinku da ta yi kuwa, kada ku sake matsa mata. Uwa Bahaushiya ta kwanta a gadon ɗanta da matarsa, su kuma suna falo? Ba za ta yi ba ko za ta kwana a zaune. Cewar da ta yi kada ki faɗa masa ma daga wannan kunyar ta fito. Ba wani sirri take ɓoyewa ba, tsoro take kada ta zama kaya. In kin samo hanyar da ba za ta zama kayan ba, kin cika mata burinta fiye da yadda shirun zai cika. Ki tuna kuma, a tsarin da kuke kai yanzu, duk daren Alhamis da na Juma'a a cikin hasken nan take kwana tana haƙuri. Shirun bai gama yi mata magani ba.

Shi kuma maigida, hakkinsa ne ya sani. Mutumin da yake tuƙa sama da kilomita 300 duk ƙarshen mako, ya dawo ya durƙusa gaban kabad yana neman laifin fitilar da ba ta yi komai ba, bai kamata a bar shi a duhu ba. Abin da zai fi yi masa ciwo ba ciyawar ba ce, a'a, ya gano da kansa cewa ana gyara filogi kafin ya iso. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ƙanwata, kuma ranar da ya sayo sabuwar fitila ya ga babu canji, tambayoyi za su fara. Amma ba zan wanke shi tas ba. Wanda ya ajiye masu rai a gilashi, yana barin gida kwana biyar, ya kamata tun tuni ya zaunar da ke ya nuna miki wace waya ce ta me, wacce ake taɓawa, wacce ba a taɓawa ko gobara ake. Ya kuma kamata da ya shimfiɗa wa mahaifiyarsa a falo ya kashe wuta ya duba abin da idonta zai gani. Mu masu wannan reno muna da wannan makantar. Hasken da muka saba da shi ba ma ganinsa. Ni ma sai da wani baƙo ya kwana a falona ya tashi da jajayen idanu na san nawa yana zuba ta ƙasan ƙofa.

Ga yadda nake ganin za ki bi. Ki fara da Hajiya, ba da shi ba. Ki same ta cikin raha, ki ce, “Hajiya, ashe hasken nan akwai gyaransa, ba ya cin ko riyal ashirin, amma sai da hannunsa. Ki yi min izini in gaya masa, ni zan san yadda zan faɗa.” Yawancin iyaye in suka ji abin ba zai jawo wa ɗansu asara ba sukan sassauto. In ta dage, ki gaya mata kai tsaye cewa yana shirin kashe ɗaruruwan riyal a kan abin da bai lalace ba, kuma ba za ki iya kallo ba. Wace uwa ce za ta so haka? Ko ba ta furta amincewa ba, ta dai san ba a bayan idonta kika yi ba.

Shi kuma kada ki yi masa maganar ta waya yana wurin aiki, kada kuma ki tare shi da ita daren Alhamis yana shigowa a gajiye. Saƙo ɗaya ya isa kafin nan: fitilar lafiyarta ƙalau, ya dakata da sayen wata sai ya dawo. Wannan gaskiya ce tsantsa. Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci an ci abinci, ku keɓe a ɗaki, ki fara da naki laifin kafin ki ambaci kowa: ke kika riƙa cirewa, ga dalili, ga abin da ya hana ki faɗa, kin kuma gane da kin faɗa tun farko da ya fi. Maganar injin ruwan ma ki haɗa, kada ki rage komai da zai fito daga baya. Zai iya ɓata rai, ki bar shi ya ɓata. Shekara uku ba wasa ba ce. Amma ina kyautata zaton da zarar ya ji mahaifiyarsa ta yi dare da dama ba barci saboda tankinsa, kunya za ta fi fushin yawa. Abu ɗaya za ki roƙe shi: kada ya je ya tsare Hajiya da “me ya sa ba ki faɗa min ba”. Ya yi gyaran kawai, da dare ya tambaye ta ko falon ya yi mata.

Gyaran kuwa, mafi sauƙi shi ne a tare hasken, a bar jadawalin yadda yake. Galibin kabad ɗin nan bayansu a buɗe yake saboda bututu da wayoyi, ta nan hasken yake fita ya daki bango. A samo baƙin allo na roba ko falanki marar nauyi a yanka daidai bayan, a fasa wa bututu hanya. A bi gefen ƙofofi da soson liƙe ƙofa, irin wanda ake sawa don ƙura. A yi wa fitilar kanta 'yar rumfa ta yadda haskenta zai sauka a kan ciyawa kaɗai. Wannan ma yana hana gansakuka fitowa a sauran kayan da ke cikin kabad. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yafa bargo ko zane a kai. Zafi, da laima, da gishiri, da wutar lantarki a wuri ɗaya, ba a wasa da su. Kuma kada a toshe kabad ɗin ruf, a bar wa iska hanya ta sama, in da hali a sa ƙaramar fanka. Kin san zafin Jidda. Ruwan tankin digiri 25 zuwa 26 yake so, don haka a kwana ukun farko a riƙa duba ma'aunin zafi. In ya doshi 28 a ƙara buɗe wa iska. In an gama, ku kashe duk wutar falo, ɗayanku ya kwanta a daidai inda Hajiya take sa kai, ya duba. Nan za ku ga ƙananan fitilun jikin na'urori, da ɗan shuɗin hasken da wasu manyan fitilu suke bari da dare a matsayin farin wata. Wannan a kashe shi, waɗancan a liƙe da baƙin salatif.

In tarewar ba ta wadatar ba, sai a matsar da lokacin, kuma ni wannan na fi so ma gidanku. Hajiya dai ba ta wuce asuba a kwance. To a sa ta mafaka ta kama ƙarfe 5 na asuba ta mutu 3 na rana, babbar ta sama kuma ta kama 12 na rana ta mutu 10 na dare. Falo ya samu duhu na awa bakwai cur, kuma tazarar da babu mai zuƙar iskar kabon ta tsaya a awa bakwai, maimakon goma sha huɗu da za a samu in fitilun tare suke tafiya. Ga riba a gefe: tankin yana haske da yamma, lokacin da kowa yake zaune yana kallo. Ta mafaka ana iya sauya mata lokaci a rana ɗaya, amma ta sama a bi ta a hankali, awa guda duk bayan kwana biyu, kuma kada a taɓa ƙarfin haskenta a daidai wannan lokaci. In duk wannan ya yi masa yawa, ya haɗa fitilun biyu su riƙa tafiya tare har Hajiya ta koma gida. Wata biyu ne suka rage, tankin ba zai rushe ba.

Ba sai an yi ta musu a kan wanne ya fi ba, ma'auni zai raba gardama. Ya auna pH sau biyu: da asuba kafin kowace fitila ta kama, da kuma dare gab da ta sama za ta mutu. In na asuba bai gaza 7.8 ba, kuma tazarar ba ta wuce 0.2 zuwa 0.3 ba, ya bar kaza cikin gashinta. In ya ga ya yi ƙasa, kafin ya zargi jadawali ya dubi iskar falon. Gidajenmu a nan rufe suke ruf, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ta juya iska ɗaya, ga girki da gas, yanzu ga ƙarin mutum yana kwana kusa da tankin. Iskar kabon a waje wajen kashi 420 ce cikin miliyan, amma a rufaffen ɗaki da mutane tana iya haura 1,000, kuma ruwan yana shan ta. Buɗe taga na 'yan mintoci da sassafe, ko jan siririn bututun iskar injin kumfa (wanda yake kaɗa iska a ruwa, kumfa ta kwashe datti) zuwa waje, yakan ɗaga ma'aunin fiye da yadda ake zato. Tun da na ambaci injin kumfa: duk abin da ke iskar falo shi yake zuƙa ya kaɗa a ruwa. Turaren wuta a yi shi nesa da tankin, maganin sauro na fesawa kuwa kada ya shiga falon sam, yana kashe jatan lande da ƙananan halittun ruwa.

Ita ciyawar, a fito da ita a tsince. Duk inda ya yi fari ko ya yi laushi a cire, a bar mai kore mai tauri ko da cikin tafin hannu ne. In babu, ya karɓo sabuwa wurin abokan reno. A canza kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ruwan, a maimaita bayan mako, da tataccen ruwa da gishirin tanki yadda ya saba haɗawa, har gishirin da ke cikin ruwan ya kai wajen giram 35 a kowace lita. Kada kusancin teku ya ruɗe ku a je Kornish, bakin tekun Jidda, a ɗebo: gishirin Bahar Maliya ya kai wajen giram 40, ga dattin bakin gari. A ɗan rage abincin kifi. Hasken a fara da awa 8, a riƙa ƙara awa guda duk mako har 10 ko 12, ana juya dunƙulen lokaci-lokaci don ƙasansa ma ya samu. Gwajin ruwa ne zai faɗi inda za a tsaya. Yawancin masu reno suna neman naitiret tsakanin 2 da 10, fosfet tsakanin 0.03 da 0.1, a ma'aunin kashi cikin miliyan. In sun kusa sifili a rage awowin, don murjani ma yana bukatar ɗan taki, kuma ruwan da aka tsotse ƙarƙaf yakan jawo wata yauƙaƙƙiyar gansakuka ruwan ƙasa mai kumfa, wadda ta fi wannan ta yanzu wuyar kora. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. Abin da aka yage kuma a ƙulle a leda a sa a shara, ba a masai ba, ba a teku ba. Wani nau'in Caulerpa na tankuna da aka fara gani a gaɓar Monako a 1984 ya bazu ya mamaye ƙasan teku a ƙasashe da dama na Bahar Rum, ku kuma ga murjanin Bahar Maliya a ƙofar gida.

Sabuwar fitila dai babu bukatarta. Ko da ta yanzu ta mutu da gaske, wannan ciyawar tana girma a ƙarƙashin farar fitilar LED ta gama-gari mai hasken rana, wadda aka rubuta 5000K zuwa 6500K a kwalinta. Kuɗin wuta ma ba abin kawowa ba ne a gardamar: fitila mai wat 30, awa 12 kullum, a farashin wutar gidaje na halala 18 kowane yunit (halala ɗari ce riyal ɗaya), wajen riyal biyu take ci a wata.

Akwai wani abu da ba ki tambaya ba, amma zan faɗa. Ku jawo Hajiya cikin sha'anin tankin. A wurinta murjani abin wuya ne, irin na kakanni, kuma ta san an ambace shi tare da lu'ulu'u a Suratur Rahman. Ya zauna ya nuna mata cewa dabba ce mai rai, ta ga yadda take buɗe 'yan yatsunta in an zuba abinci, a ba ta ita ta riƙa zuba wa kifin na yamma. Wata Juma'ar ku kai ta gidan kifi na Fakieh da ke bakin teku ta ga manya. In zamanta ya kai azumi kuwa, kin san yadda garin nan yake juyewa, dare ya koma rana. Ku zauna tun kafin a ga wata ku tsayar da awowin da za ta riƙa barci, a matsar da jadawalin sau ɗaya a hankali, a bar shi a haka har salla.

Kafin Alhamis ɗin, ga naki aikin. Ki sa ƙararrawa a wayarki, ki jona fitilar ƙarfe 6 na safe ki cire 2 na rana, kullum, ba fashi. Kuma yau ɗin nan, kafin ki kwanta, ki bi wayar injin da ke tura ruwa har zuwa filoginta ki naɗa mata jan salatif. Fitila in ta mutu kwana biyu ciyawa ce za ta koɗe, amma injin nan in ya tsaya dare guda iskar da kifi ke shaƙa ce take ƙarewa. In an yi gwajin asuba da na dare, ki turo min lambobin mu duba tare.